SHARHI: Shataletalen Sakkwato Da Direban Da Ya Daina Karatu

Duk wanda ya samu inuwa ya tsaya na minti goma kacal a bakin shataletalen Mai Ruwa ko na Gidan Man Ada a birnin Sakkwato, a daidai lokacin da aka sauko daga sallar Juma'a ko lokacin da makarantu suka tashi, zai ga abin da zai sa ya riƙe baki. Zai ga mai mota ya danno kai cikin da'ira ba tare da ya ko waiga hagunsa ba, kamar hanyar gonar gidansu. Zai ga wanda ke cikin da'irar, wanda shi ne mai haƙƙin wucewa, ya taka burki ya tsaya cak yana ba na waje hanya, na bayansa kuma suna ta danna masa oda. Zai ga mai Keke Napep ya tsaya a tsakiyar zagayen yana ciniki da fasinja. Zai ga ɗan kabu-kabu, don zagayawa ta yi masa nisa, ya yanke ta hannun da ba nasa ba ya tunkari motoci gaba da gaba, alhali ga mace da goyo a bayansa. Idan Allah ya tsare, a rabu da zage-zage. Idan kuma aka yi rashin sa'a, sai Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wani lokacin ma sai maƙabarta, wal'iyazu billahi.

Da an tashi maganar wannan hargitsi, abin da kowa ke faɗi shi ne mutane ba su da haƙuri. Babu shakka akwai rashin haƙuri. To amma da za a tare direbobi goma a babbar tashar mota a tambaye su wane ne ke da haƙƙin wucewa a shataletale, da an sha mamakin amsoshin da za a ji. Wani zai ce babbar mota. Wani zai ce wanda ya fito daga babban titi. Wani zai ce wanda ya riga sa kai. Wani kuwa zai yi dariya ya ce wanda ya fi ƙarfin zuciya. Mutumin da ke da irin wannan fahimta, ko da ya fi kowa haƙuri a gidansa, haɗari ne a kan titi, domin yana aikata kuskure ne yana ganin daidai yake yi. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma shi ne tushen wannan matsala. Mafi yawan masu riƙe da sitiyari da kan babur a garin nan sun daina karatun tuƙi tun ranar da aka miƙa musu makulli, wasu ma ba su taɓa fara shi ba.

Ya kamata a fara da sanin shi kansa shataletalen da dalilin gina shi, domin da yawa sun ɗauka ado ne kawai na gari, wurin dasa fulawa da kafa allunan 'yan siyasa. Tun farkon ƙarni na 20 aka fara gina manyan da'irori a biranen Turai da Amurka, amma na farkon sun zo da matsala. A wancan tsari, wanda ke shigowa shi ake ba hanya, saboda haka motoci na ta kwarara ciki, na ciki kuma ba su samun fita, har da'irar ta cushe ta kulle kanta. A shekarar 1966 ne Ingila ta kafa doka ta ƙasa baki ɗaya cewa mai shigowa shi zai dakata wa wanda ke cikin da'ira. Faransa ta bi sahu a 1984, kuma a yau tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan shataletale a duniya. Wannan ƙa'ida guda ɗaya ita ce ruhin abin baki ɗaya. Duk inda aka yi watsi da ita, to an koma wa cushewar da wasu ƙasashe suka yi maganinta tun shekaru hamsin da wani abu da suka wuce.

Hikimar tsarin a fili take ga mai lura. Masana gina hanyoyi sun ƙidaya cewa a mararraba mai hanyoyi huɗu akwai wurare 32 da hanyar wata mota ke iya haɗuwa da ta wata, amma a shataletale mai layi ɗaya wuraren 8 ne kawai. Bayan haka, lanƙwasar da'irar tana tilasta wa direba ya sassauta gudu, kuma tunda kowa hannu ɗaya yake bi, idan ma an yi karo yawanci gogar gefe ce, ba irin mummunan karon nan da wata mota ke soke wata a tsakiyar ciki ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2001, a kan mararraba 24 da aka mayar shataletale, ya gano cewa haɗurra sun ragu da kashi 38 cikin ɗari, waɗanda ake jin rauni a cikinsu kuma sun ragu da kashi 76 cikin ɗari. Ga shi kuma ba ya buƙatar wutar lantarki kamar fitilar ba da hannu, wanda wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce a ƙasar da wuta ba ta tsayawa.

Sai dai fa akwai sharaɗi. A inda ake da fitila, ja da kore ke ba da umarni. A inda ake da jami'i, hannunsa ke ba da umarni. A shataletale kuwa, abin da ke cikin kan direba shi ne kawai jami'in. Kowane mai shigowa shi zai yanke wa kansa hukunci cikin daƙiƙa biyu ko uku, yana mai dogaro da cewa sauran ma sun san abin da ya sani. Idan mutum tara sun san ƙa'ida, na goma bai sani ba, wannan ɗayan ya isa ya jawo wa taran asara. Shi ya sa wurin da aka gina don ya rage haɗari ya zama wurin da gaban mutane ke faɗuwa in sun doshe shi.

Alhali ƙa'idojin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. A Nijeriya hannun dama ake bi, saboda haka mai shiga shataletale zai karkata dama ne ya bar tsibirin tsakiya a hagunsa, motocin da ke ciki kuma ta hagunsa za su ɓullo masa. Wajibinsa shi ne ya rage gudu tun daga nesa, ya dubi hagu, ya dakata wa duk wanda ya riga shi shiga, ko da kuwa mai keke ne shi kuma yana cikin tirela. Zaɓen layi tun kafin a iso ake yin sa. Wanda zai fita ta hanyar farko ya kama layin dama ya kunna siginar dama. Wanda zai zagaya zuwa hanya ta uku ko zai koma inda ya fito ya kama layin hagu ya kunna siginar hagu, idan ya wuce mafitar da ke gabanin tasa sai ya mayar da sigina dama, ya dubi madubi, ya fito a hankali. Ba a tsayawa a ciki don ɗaukar fasinja ko gaisuwa, ba a yin baya, ba a tseren wuce juna. Wanda mafitarsa ta kuɓuce masa, ya sake zagayowa, domin zagaye ɗaya bai kai rabin minti ba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Maganar rage gudu ma lissafi ce da kowa zai iya yi. Iyakar gudun da doka ta yarda da shi a cikin gari shi ne kilomita 50 a awa. Motar da ke wannan gudu tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, wato kafin ƙafar direba ta bar totur ta kai kan burki ya riga ya shafe tsawon motoci uku. Kuma duk lokacin da gudu ya ninka biyu, nisan da burki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana ninkawa huɗu ne. Wanda ya doshi shataletale da irin gudun da yake yi a kan hanyar Gusau ya riga ya sallama ikon motarsa tun kafin ya iso.

Akwai wani darasi da ya shafi masu babur musamman, wanda rashin saninsa ya raba matasa da yawa da ƙafafunsu. Sakkwato gari ne na manyan motoci, daga masu ɗauko siminti a Kalambaina zuwa masu lodin albasa da shanu da waɗanda ke zuwa kan iyaka ta Illela. Idan tirela tana shan kwana, tayoyinta na baya ba sa bin sawun na gaba, suna yankewa ne ta ciki. Don haka direbanta yakan buɗe waje tukuna kafin ya karya kan motar. Shi kuma yaro a kan babur sai ya ga fili ya buɗe tsakanin tirelar da gefen titi, ya ɗauka hanya aka ba shi, ya kutsa. Cikin ƙiftawar ido filin zai rufe, direban kuma ko ganinsa bai yi ba, domin akwai wuraren da madubin babbar mota ba ya kaiwa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: wanda ba ya hango fuskar direba a madubin motar, to shi ma direban ba ya ganinsa. Abin tambaya a nan shi ne, wa ya taɓa zaunar da ɗan kabu-kabu ya faɗa masa wannan?

Amsar tana cikin yadda ake koyon tuƙi a wannan gari. Yaron mota yakan fara da wanki da ɗaure kaya, sannan a ba shi gyaran fakin a tasha, wata rana maigida ya gaji ya ba shi ya kai motar gida, shi ke nan ya zama direba. Ɗan masu hali yakan koya a filin ƙwallo da motar gidansu cikin sati ɗaya. Mai babur kuwa kwana biyu sun ishe shi a lungun unguwa, a rana ta uku ya fito neman kuɗin da zai kai wa mai mashin da yamma. Dukkansu sun koyi sarrafa inji, wasu ma sun gwanance ƙwarai. Abin da ba su koya ba shi ne zama da sauran jama'a a kan titi, da ma'anar alamomin hanya da zanen da ke kan kwalta. Kuma kowa kuskuren maigidansa yake gada, shi ma ya gadar wa yaronsa.

Ba wai doka ce babu ba. Tun 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC. A bisa tsarin da ake da shi, mai neman lasisi a karon farko sai ya kai shekara 18, ya yi darussa 26 a makarantar koyon tuƙi da hukumar ta amince da ita, sannan jami'an VIO su jarraba shi. Shi ma mai babur yana da nasa rukunin lasisi. To amma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai dillalai da ke karɓar kuɗi da hoto su kawo wa mutum kati har gida, bai taɓa zama a aji ba. Wanda ya bi ta wannan hanya yana iya wuce shingen jami'ai lafiya lau, amma shataletale ba ya duba kati, abin da mutum ya sani yake tambaya.

Kai, hatta wanda ya bi ƙa'ida ya ci jarrabawarsa da guminsa, akwai sauran magana a kansa. Lasisin shekara uku ne ko biyar, kuma mutum yana iya sabunta shi sau shida ko bakwai a rayuwarsa ba tare da ya sake zama darasi ko na awa ɗaya ba. Alhali garin da ya koyi tuƙi a cikinsa ya sauya. An raba tituna gida biyu, an gina gadojin sama a Dandima da Rijiyar Ɗorawa, Keke Napep da babu shi a da ya cika ko'ina, wayar hannu ta shigo ta raba hankalin direba biyu, idonsa da ke gani garau yana ɗan shekara 25 ya fara hazo yana ɗan 55. Likita yana komawa bita, malamin makaranta yana komawa bita, matuƙin jirgin sama ana sake jarraba shi a kai a kai. Mutumin da ke ɗauke da rayuka goma sha takwas a cikin bas shi kaɗai aka yarda cewa karatunsa ya ƙare tun yana saurayi.

Alal haƙiƙa ƙasar nan ta taɓa nuna cewa ana iya sake koya wa direbobi tuƙi idan an so. A ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar bin hannun hagu da ta gada daga Turawan Ingila ta koma hannun dama, don ta daidaita da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru. A dare ɗaya kowane shataletale a ƙasar ya juya, wanda ake zagayawa ta nan aka koma zagaya shi ta can. Abin ya yiwu ne saboda an daɗe ana wayar da kan jama'a a rediyo da jaridu kafin ranar ta zo. Idan an iya wannan a lokacin da masu karatun boko ba su da yawa, babu hujjar kasa koya wa mutane ƙa'ida ɗaya tak a yau. A Japan, duk mai sabunta lasisi sai ya zauna lacca, mai tarihin tuƙi mai kyau minti 30, mai laifuffuka awa biyu. A ƙasashen Tarayyar Turai, direbobin manyan motoci da na bas sai sun yi bitar awa 35 a cikin kowace shekara biyar. Ba ma sai an je nesa ba, Jihar Legas tana da cibiyar horar da direbobi, LASDRI, inda ake buƙatar direbobin haya su riƙa sabunta shaidarsu kowace shekara.

Wanda ke ganin maganar ba ta kai a ɓata mata tawada ba, ya dubi alƙaluma. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, cewa nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. A Nijeriya, FRSC ta ƙidaya sama da mutum 5,000 da suka rasu a 2023, haka kuma a 2024, ban da waɗanda aka kai gida aka yi wa sutura ba tare da labari ya kai ofis ba. Waɗannan shekaru, 5 zuwa 29, su ne shekarun ɗaliban Islamiyya, da sababbin angwaye, da samarin da iyayensu suka fara jingina da su. Idan mota da babur suka haɗu, mai mota gyaran fenti zai yi, mai babur kuwa jikinsa ne bodin.

Idan abin ya auku, sai a ce ƙaddara ce. Gaskiya ne babu mai wuce kwanansa, amma malamai sun daɗe da bayyana cewa imani da ƙaddara ba ya ɗauke wa mutum alhakin sakacinsa. A shari'a, wanda ya kashe rai bisa kuskure akwai diyya, akwai kuma kaffarar azumin wata biyu a jere. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direban da ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo. Saboda haka saurayin da ya fito daga sahun farko a masallaci, ya hau babur ya bi hannun da ba nasa ba don ya rage zagaye, ya sani cewa haƙƙin bayin Allah yake takawa. Haka nan masu wasa da motoci da babura a rakiyar amarya, waɗanda ke mayar da shataletale filin nuna bajinta.

To, mene ne abin yi? Nauyin farko yana kan mahukunta. Kuɗin da ake kashewa wajen ƙawata shataletale, a ware wani abu daga ciki a zana layukan dakatawa a bakin kowace mashiga, a kafa alamun ba da hanya, a gyara fitilun dare, a kuma kawar da allunan talla da ke tare wa direba gani. A mayar da tsayawar ɗaukar fasinja nesa da da'ira, a ba masu Keke Napep da kabu-kabu wurin da za su tsaya, tunda ba a hana mutum wuri sai an nuna masa wani. A sanya gajeren darasi da Hausa ya zama sharaɗin sabunta lasisi, da hotuna da zane, don wanda bai yi boko ba ya amfana. Wanda aka kama da laifi a karon farko a tura shi aji kafin a yi maganar tara, domin tarar da ake sasantawa a bakin titi ba ta taɓa koya wa kowa komai ba. Gidajen rediyon jiha kuma su ba wannan darasi minti biyar a kullum.

Nauyi na biyu yana kan ƙungiyar direbobi ta NURTW da ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da na Keke Napep. Ƙungiyar da ke iya bin kowane mamba ta karɓi kuɗin tikiti kowace safiya, tana iya tara su awa ɗaya a wata ta gayyato jami'an kiyaye haɗurra su yi musu bita. Shi ma mai kuɗin da ke sayen babura yana rabawa a kawo masa balas, ya ji tsoron Allah kada ya miƙa makulli ga yaron da bai kai ba, kada kuma ya ɗora masa kuɗin da ba zai samu ba sai da gudun ganganci. Iyaye su ma su daina alfahari da cewa ɗan shekara goma sha uku ya iya jan mota.

Amma nauyi mafi girma yana kan su matasan, tunda su ne ke kan babur, su ne kuma ke kan gadajen asibiti. Ba sai sun jira gwamnati ba. Littafin dokokin hanya yana nan ana sayarwa, kuma 'yan uwa goma a unguwa suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, su zana da'ira a ƙasa da tsinke, su ɗora duwatsu a matsayin motoci, wanda ya sani ya koya wa wanda bai sani ba. Matasan da ke iya tsara sahun dubban mutane a ranar taro ba za su kasa wannan ba. Wanda ya san da kuɗi ya sayi lasisinsa, ya cire girman kai ya koma makarantar tuƙi ya biya bashin karatun da ke kansa. Wanda ya shekara ashirin yana tuƙi, kada ya ji kunyar tambaya, gemu ba ya hana ilimi. Fasinja kuma yana da bakin magana, idan wanda ya ɗauko shi ya nufi hannun da ba nasa ba, ya ce a sauke shi.

Daga ƙarshe, gyaran ba ya buƙatar kwangila kafin a fara shi. Yau ɗin nan, a kan hanyar komawa gida, duk wanda ya iso bakin shataletale ya sassauta, ya dubi hagunsa, ya bar na ciki ya wuce, ko da na baya zai cika masa kunne da oda. Daƙiƙa biyar ce zai rasa. Allah ya kiyaye hanya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a kanta, ya ba majinyata lafiya.